Narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antaktika: teku zai tashi har ina?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ƙanƙarar da ke cikin kofi idan ta narke, ruwan ba ya tumbatsa. To me ya sa ake cewa narkewar ƙanƙara za ta ɗaga teku? Kuma ƙarin nawa ake hasashe nan da 2100?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Misalinka ya dace da ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, kamar ta Aktik. Ta Girinlan da Antaktika kuwa a kan ƙasa take zaune, duk abin da ya gangara teku daga cikinta ƙari ne. Tan biliyan 360 na ƙanƙara yana ɗaga teku da milimita 1. Taurarin ɗan adam na GRACE, da suka fara awo a 2002, sun nuna Girinlan tana asarar kusan tan biliyan 270 a shekara, Antaktika kusan 150.

Rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na 2021 ya ce teku ya tashi da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Zuwa 2100, idan aka rage hayaƙin da ke ɗumama duniya sosai, ƙarin zai tsaya tsakanin santimita 28 da 55. Idan hayaƙin ya yi ta hauhawa, 63 zuwa 101.

'Yar Kimiyya:
Malam, a ƙara da cewa ko mai yawon ma tana da aikinta. A bakin Antaktika akwai faffaɗar ƙanƙara da ta miƙe bisa ruwa, ita ce ke tokare wadda ke bayanta. Da Larsen B, ɗaya daga cikin irin wannan ƙanƙarar, ta farfashe a 2002, ƙanƙarar da take tarewa ta ninka gudunta zuwa teku.

Ƙanƙarar Thwaites da ke Yammacin Antaktika ce ta fi tayar min da hankali. Ruwa mai ɗumi yana cin ta ta ƙasa, kuma dutsen da take kai yana ƙara zurfi ne idan ana shiga ciki. Da ta ja baya sai bakinta ya ƙara kauri, ta ƙara zubarwa, ta sake ja baya. Ita kaɗai tana ɗauke da ƙanƙarar da za ta iya ɗaga teku da kusan santimita 65. Irin wannan rugujewa ce ta sa IPCC ba ta kore yiwuwar kusan mita 2 a 2100 ba.

Mai Awon Gaɓa:
Gaskiya ne 'yar'uwa. Sai dai duk mai tsara gini a gaɓa kada ya dogara da matsakaicin tashin teku na duniya. Tarin ƙanƙara yana jan ruwa zuwa gare shi saboda nauyinsa. Idan ya ragu, teku yana sauka a kusa da shi, ya fi tashi a nesa. A haɗa da lotsewar ƙasa, wadda a arewacin birnin Jakarta na Indonesiya ta fi tashin tekun sauri nesa ba kusa ba.