PDF, aji ko bidiyo: da wanne kuka fara?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Girki nake koyarwa a Instagram, mabiya sun fara tambaya ko ina da abin sayarwa. Na rasa wanda zan kama: littafin PDF, aji a WhatsApp, ko darasin bidiyo. Waɗanda suka riga mu shiga, don Allah a ba mu labari.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni da PDF na fara, girke-girken azumi, na ɗora a Selar, shafin sayar da littattafai da darussa a intanet. Daɗinsa aiki sau ɗaya ne, kina barci kuɗi na shigowa. Amma kafin azumi ya raba littafin ya gama zaga gurup-gurup kyauta, har wata baiwar Allah ta turo min abina wai in gwada, akwai kyau! Yanzu araha nake sa shi, a shafin ƙarshe in tallata ajina. A aji ne kuɗin yake, sai dai akwai gajiya. Ƙarfe sha ɗayan dare wata za ta turo hoton cincin ɗinta da ya ƙone tana jiran amsa, kuma dole ki amsa tunda ta biya.

Malam Auwal, Zariya: Hajiya, duba datar mutanenki kafin ki ɗauki bidiyo. Ni Excel nake koyarwa. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɗalibaina suka daina buɗe dogon darasi. Na yayyanka su gajeru, na koma Telegram saboda ana iya kulle tashar a hana turawa da saukewa. Mai niyyar sata zai ɗauka da wata wayar, amma ya ragu sosai.

Hajiya Balki, Maraɗi: Ku dai riƙa tunawa da mu 'yan Nijar. Sau tari ina son shiga aji, sai in tarar lambar asusun naira kawai aka sa. Ki nemi amintacce a nan da zai karɓar miki ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, ki faɗi farashin da sefa. Sannan mata da yawa a wajenmu sun fi gane bayanin murya a kan rubutu. Ajin da na fi ƙaruwa da shi murya ce da hotuna kawai.

Abba Zane: Anti, ni samfurin katin biki na haɗa a manhajar zane ta Canva, mutum ya saya ya canza suna da kansa. Kusan duk wanda ya zo cewa yake, kai dai yi min. Na koma karɓar aiki kai tsaye.

Ummu Hanan: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan gwada ƙaramin aji na murya da hotuna kafin azumi. Maman Sadiq, mutum nawa kike ɗauka a aji ɗaya?