Gyaran banɗakin tirelar yawon shaƙatawa: me kuka gwada?

Baban Yara (Ohio): Assalamu alaikum jama'a. Na sayi tirela ta hannu, irin wadda ake ja da mota a kwana a ciki. Makon jiya muka kwana biyu da iyali a bakin tafkin Erie. Komai lafiya sai wanka. Ina cikin kumfa ruwan zafi ya ƙare, labule na manne min a jiki, ƙasan wurin wankan kuma yana lotsawa in na taka. Kafin gari ya waye a rana ta biyu tankin ruwan datti ya cika. Ina so in gyara da hannuna. Da me zan fara?

Injiniya (Texas): Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Fara da lissafi tukuna. Hitar yawancin ƙananan tireloli galan 6 take ɗauka, kusan lita 23. Kan shawa irin na gida yana iya zubar da galan biyu da rabi a minti ɗaya, iyakar da dokar Amurka ta 1992 ta sa ke nan. In tankin dattinka galan 30 ne, minti 12 na ruwa a buɗe ya cika shi. Sayi kan shawa mai tsimin ruwa, mai maɓallin tsayarwa a hannu. Na kamfanin Oxygenics nake amfani da shi, yana gauraya iska da ruwa, sai ka ji ƙarfi ko da injin tura ruwan ƙarami ne. Da hannu ake murɗa shi a bakin tiyo, ba sai da sifana ba. Ka jiƙa jiki, ka tsayar, ka goga sabulu, ka ɗauraye.

Hajiya (Minnesota): Injiniya, maɓallin nan yana da hali. In ka tsayar ka sake buɗewa, ruwan sanyi ne ke fara watso maka. Jikata sai da ta yi kuka.

Injiniya (Texas): Haka ne Hajiya. Yayin da aka tsayar, ruwan sanyi yana kutsawa cikin layin na zafi. A ɗaura bawul mai hana ruwa komawa baya a layin zafin, kusa da famfon. Kafin a yi, a riƙa juya kan shawar zuwa bango in za a buɗe.

Kawu Direba: Ni fa ban yarda a fara da kan shawa ba. Ƙasan da ke lotsawa shi ne abin tsoro, ɗana. Roba ce siririya, sau da yawa ba ta da isasshen matokari a ƙarƙashi. Nawa haka ya yi ta lotsawa har ya tsage kusa da magudana, ruwa na bi ta ƙasa ban sani ba. Ranar da na buɗe murfin gefe na zura hannu, katakon daɓen ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, ga baƙar fumfuna. Ka buɗe murfin nan yau, ka haska tocila. In a bushe yake, ka yanka guntayen katako daidai tsayin wurin ka tokare, musamman kewayen magudana. Wasu na fesa kumfa mai daskarewa, amma sai marar kumburi sosai, kuma a ɗora bokitan ruwa a sama har ta bushe, in ba haka ba ta ɗaga robar.

Baban Yara (Ohio): Kawu na gode, yanzu zan je in duba. Labulen fa?

Hajiya (Minnesota): Sandar labule mai lanƙwasa waje za ka sa, gwiwar hannu ta samu sarari. Amma don Allah kada ka yi ta ɗaura sukuru a bango yadda ka ga dama. Falankin siriri ne, bayansa akwai waya da bututu. Maratayan tawul da mazubin sabulu duk masu mannewa nake sa. Sannan ka ajiye ƙaramin bokiti da moɗa. In mun sauka inda babu famfo, da su muke wanka kamar a gida, har wankan tsarki, ruwan farko mai sanyi kuma a tare shi a buta don alwala maimakon ya tafi tanki a banza.

Kawu Direba: In ka ji wari bayan tafiya, ruwan da ke zama a gwiwar bututun magudana yana tare wari ne ya zube saboda girgizar hanya. Zuba kofi biyu a magudana da zarar kun sauka. Ko ka sa HepvO, wani bawul da ake sawa a madadin gwiwar, shi ba ya buƙatar ruwa.

Injiniya (Texas): Fankar rufin banɗakin ma ana iya canza ta. Ramin inci 14 ne kowane gefe a yawancinsu, don haka babbar fanka tana shiga gurbin ƙaramar. Ka dai like gefenta da kyau a saman rufin.

Hajiya (Minnesota): Kai da ke Ohio, kafin ƙanƙara ta sauka ka tsiyaye bututan, ka cire kan shawar, ka zuba ruwan hana daskarewa na tirela, mai launin ruwan hoda, har cikin magudana. Ba na mota ba, wancan guba ne.

Baban Yara (Ohio): Na dawo. Katakon a bushe yake, alhamdu lillahi, amma matokari ɗaya tak na gani, shi ma ya goce. Kawu, gam zan sa wa guntayen katakon ko matse su kawai ya isa?