Fita titi: yana ƙara wa kukan talaka ƙarfi ko ɓata shi yake yi?

Tela a Wunti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, shagona yana kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, kuma akwai abin da ke cin raina tun Agustan 2024. Ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa da kaina na rufe shago, ba wanda ya sa ni, don man janareta ya cinye min ribar ɗinki, mudun shinkafa ma sai an yi shawara. Amma da na ga hotunan yara a Kano suna kwasar kujeru daga cibiyar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, sai jikina ya yi sanyi. Bayan kwana biyu wani yaro ya shigo min da yadi fari da shuɗi da ja, wai in haɗa masa tutar Rasha. Na ce ya tattara ya ba ni wuri. Ashe Allah ne ya rufa min asiri, don a Kano har teloli aka kama kan wannan ɗinkin. Daga nan aka bar maganar yunwa, aka koma tuta da cin amanar ƙasa. To jama'a, wannan fitar ta amfane mu kuwa?

Tsohon malamin firamare:
Wa alaikumus salam. Malam tela, ka tuna Janairun 2012? Jonathan ya cire tallafi, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da ƙasa cak, mu ma muka rufe aji, cikin kusan mako biyu aka dawo da ita 97. Lokacin buƙata ɗaya ce, kuma akwai shugabannin da gwamnati za ta zauna da su, waɗanda in sun ce a koma gida za a koma. Ta 2024 kuwa garke ne ba makiyayi. Kowa da abin da ya fito da shi, har da mai neman soja su dawo, kamar bai san abin da muka sha a hannunsu ba.

'Yar Azare:
Baba malam, ka yi haƙuri, ban yarda laifin duka na yara ba ne. Mu a Azare dokar hana fita aka sa mana, innarmu mai ƙosai ƙullunta a gida ya yi tsami, don haka na san zafin abin. Amma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a faɗin ƙasa. Kuma ranar 1 ga Nuwamba da aka kai ƙananan yaran da aka kama kan zanga-zangar kotun tarayya a Abuja, suna faɗuwa don yunwa, sunan wa ya ɓaci? Ai kunya ce ta sa aka sake su cikin 'yan kwanaki.

Ɗan acaɓan Yelwa:
Ni dai tambaya ɗaya: mai ya sauka? Kafin shekarar ta ƙare sama da dubu na sayi lita.

Tela a Wunti:
Ƙanwata, maganarki ta taɓa ni. Yaron da na kora bai wuce shekara goma sha biyar ba, kuma ban ma tambaye shi wa ya ba shi kuɗin yadin ba.