Neman shawara: wane adadi zan rubuta na marasa aikin yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni a sashen tattalin arziki, aikin kammala karatuna kuma a kan rashin aikin yi ne a Arewa maso Yamma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, sai ga shi a farkon 2023 ta ce kashi 4.1. An ce in ɗauki adadin 2023, amma hankalina bai kwanta ba, domin a unguwarmu samari na cika majalisa tun hantsi har la'asar. Don Allah wanne zan riƙe?

Malamin tattalin arziki:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki jera adadin nan biyu wuri guda, don ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. A tsohon tsari, duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A 2023 NBS ta koma ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2013: wanda ya yi ko da awa ɗaya cikin kwana bakwai don samun kuɗi, ma'aikaci ne. Marar aiki sai wanda bai yi komai ba, yana nema, kuma a shirye yake ya fara.

To a ƙasar da gwamnati ba ta biyan marasa aiki ko sisi, wa zai iya zama haka? Dole mutum ya karɓi aron Keke Napep ya ɗan zaga, ko ya yi dako, ko ya tsare wa wani teburin POS. Shi ya sa adadin yake ƙanƙancewa inda talauci ya fi tsanani. Dubi rahoton 2023: Abiya ce ta fi kowace jiha da kashi 18.7, Nasarawa kuwa kashi 0.5. Ba wanda zai ce miki a Nasarawa kowa ya wadata.

Ki rubuta 4.1 ɗin, gaskiya ne a ma'auninsa, amma kada ki bar shi shi kaɗai. Rahoton da ya kawo shi ya nuna kashi 12.2 na masu aiki ba sa cika awa 40 a mako kuma suna son ƙari, sannan kashi 92.6 aikinsu ba na ofis ko kamfani mai rajista ba ne. Ki nemi ma'aunin LU2, wanda ke haɗa marasa aiki da masu ƙarancin aiki.

Ɗan kasuwar Kwari:
Malam ya gama magana. Yaran da ke tsayawa bakin shaguna suna jawo mai saye don a ba su la'ada, wata rana su tashi ba ko kwabo, su ma ashe ma'aikata ne a takarda. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Wata malamar makaranta:
Ƙanwata, ki tuna da waɗanda suka gaji da nema. Wanda ya gama bautar ƙasa, ya yi ta kai takardu har ya haƙura, ba a lissafa shi cikin marasa aiki, tunda ya daina nema. Haka matar da ke son sana'a amma ba jari, ba mai riƙe mata yara. Ma'aunan LU3 da LU4, waɗanda ke ƙara masu son aiki amma ba sa nema, su ne ke kamo irinsu, kuma a yankinmu mata sun fi faɗawa wannan rukuni. Ni wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, ina shirin raba takardar tambayoyi a ƙananan hukumomi biyu. Me zan ƙara?

Malamin tattalin arziki:
Tambayi awa nawa mutum ya yi a makon jiya, nawa ya samu, ko yana son ƙari, in kuma ba ya nema, me ya hana shi. Rubuta watan da kika yi tambayar, domin manomin da ba ya da lokacin kansa da damina shi ne ɗan cirani da rani. Sannan ki ajiye sakamakonki kusa da rahoton talauci na NBS na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa. In kin tsara tambayoyin, turo su nan mu duba kafin ki buga.