Wane ril ɗin betkasta ne zai jure ruwan gishirin Legas?

Telan Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne, shagona na Agege, shekara 11 ke nan da barina Kano. Ranar Lahadi ba na taka keke. Da sassafe nake shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay in yi fatsa a kan duwatsun bakin mashigar teku, wata rana kuma in tsaya a ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island. Kifin da nake samu ba manya ba ne, rabin kilo zuwa kilo uku: jan sinafa, ƙananan barakuda, jefi-jefi kuroka, duk kifayen teku ne.

Da ril, wato na'urar naɗe zaren fatsa, mai rataye a ƙarƙashin sanda na fara, wanda ake ce wa sifinin. Bara na ga wani bawan Allah yana jifa da betkasta, mai zama a saman sanda, yana ajiye kifin robar da yake yaudarar kifi da shi daidai gindin dutse sai ka ce da hannu ya ɗora. Abin ya shiga raina. Na sayi mai araha a wurin wani mai kaya a kasuwa, a jikin kwalin an rubuta boris 18. Wata uku ya yi min, hannun ya fara gurza. Na kwance shi a kan teburin yanka, na tarar boris sun yi ja da tsatsa, cikin murfin kuma ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin ɗinkin kwana da kwanaki ne.

Yanzu aikin Sallah ya bar min ɗan abu a hannu, ina so in sayi na ƙwarai sau ɗaya. Kifin roba da cokali (ɗan ƙarfe mai ƙyalli da ƙugiya) da nake jefawa daga giram 7 ne zuwa 21. Wanne zan saya? Sannan yaya ake maganin harɗewar zare a kwarkwaro? Ita ce ta cinye min rabin kowace safiya.

Baban Hanifa, Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar da alheri. Ina fatsa a Obhur, arewa da Jidda, kuma ruwanmu ya fi naku cin ƙarfe: gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a lita, na sauran tekuna wajen 35. Abin da ya rayu a nan zai rayu a Legas.

Ka cire yawan boris daga ranka. Boris 5 masu maganin tsatsa sun fi 18 na ƙarfen banza, don kowane ɗaya ƙofa ce da gishiri zai samu wurin zama. Kamfanin Shimano na rubuta S A-RB a kan nasu masu maganin tsatsa, kamfanin Daiwa na rubuta CRBB. Sai gangar jikin ril ɗin: ka nemi alminiyam. Akwai masu tsada marasa nauyi da ake yi da magniziyam saboda masu fatsar tafki, su kuwa fenti na ɗayewa gishiri zai fara cinsu. Wannan farin garin da ka gani ƙarfen ne da kansa yake ruɓewa.

Waɗanda aka ƙera don ruwan gishiri kuma suka dace da kifinka: Shimano Tranx mai lamba 150 ko 200, Daiwa Coastal, da Abu Garcia Revo Inshore. Ni Tranx 200 nake riƙewa, shekara ta huɗu ke nan, boris biyu kawai na canja. Kada wani ya ruɗe ka da 300 ko 400. Kwarkwaronsu ya yi nauyi, giram 10 ba zai iya juya shi yadda ya kamata ba, kuma wuyan hannunka zai gaya maka kafin azahar.

Giya kuma, in ka ga 6.3:1, nufinsa duk juyin hannu ɗaya kwarkwaro zai juya sau shida da ɗan ɗori. Tsakanin 6 da 7 ya ishe ka. Barakuda na son cokali mai gudu, don haka ni zan karkata ga 7.

Batun harɗewa, kai tela ne, ka fi mu sanin ta. In tsaurin zaren sama da na ƙasa bai daidaita ba, ai ka san tulin da yake yi a bayan yadi. Nan ma kusan haka ne: kifin roba ya rage gudu a iska, kwarkwaro bai rage ba, sai zare ya taru ya rasa hanyar fita. Abu uku ke riƙe shi. Akwai ɗan murfin da ke gefen hannu: ka matse shi, ka danna sakin zare, ka riƙa sassautawa har kifin robar ya sauka a hankali, kwarkwaro ya tsaya da zarar ya taɓa ƙasa. Akwai birki, ko na maganaɗisu ko na 'yan fil da ke buɗewa in gudu ya yi yawa. Ka fara da shi sama da rabi. Na ukun babban yatsanka ne, shi ne birkin gaskiya. Ya riƙa shafar zaren a hankali yayin jifa, ya danne kafin kifin robar ya faɗa ruwa, ba bayan ya faɗa ba. Kuma kada ka fizgi jifan da ƙarfi kamar mai harbin gwafa, ka sake shi da laushi.

Wata dabara: ka ja zare tsawon jifanka da ƙarin taku goma, ka manna salatif a kan sauran da ke kwarkwaro, ka naɗe. Ko ya harɗe, iyakarsa salatif ɗin.

Ɗan Zangon Tema

Alhaji ya faɗi gaskiya, amma akwai inda ban bi shi ba. Malam tela ya ce yana jefa giram 7, kuma a kan duwatsu yake tsayawa yana fuskantar teku. Iskar da ke busowa daga teku da rana a fuska take dukan mutum, haka take mana a nan Tema. Giram 7 cikin wannan iska da betkasta wahala ce, ko nawa ka saye shi. Kada ka yar da sifinin ɗinka. Ka bar masa ƙananan, betkasta ya ɗauki giram 12 zuwa sama.

Sannan ku yi tunanin gyara. Ni Abu Garcia Ambassadeur 5500 C3 gare ni, mai zagayen nan ƙirar Suwidin. Tun shekarun 1950 ake yin danginsa, cikinsa a fili yake, da sukundireba ɗaya nake kwance shi a tsakar gida. Giyarsa 5.3:1 ce, ba ta da gudu, kuma bai kwanta a tafin hannu kamar masu faɗin nan ba. Amma duk abin da ya lalace a ciki ana samun madadinsa. Wanda yake da birkin lantarki irin DC na Shimano yana da daɗin jifa, na taɓa na wani aboki, sai dai in ya samu matsala a Agege wa zai buɗe maka shi?

Basarken Yauri

Mu a nan giwan ruwa da tsage muke kamawa, ba mu san gishiri ba, don haka ba zan sa baki a zaɓen ril ba. Abu ɗaya zan ce: haƙorin barakuda ɗan'uwan na tsage ne. Ka sa guntuwar waya kamu ɗaya a gaban cokalin, in ba haka ba kullum sai ka yi asarar cokali.

Telan Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, misalin keken nan ya buɗe min kai. Jiya bayan na rufe shago na ɗaura dalma giram 14 a tsohon ril ɗin, na yi ta jifa a filin makarantar bayanmu. Sai na gane ashe ina danne yatsa ne bayan dalmar ta riga ta faɗi. Cikin jifa ashirin na ƙarshe sau biyu kawai ya harɗe.

Maganar ɗan'uwa na Tema ma ta kama ni, don ranakun da na fi shan wahala duk ranakun iska ne. Zan riƙa tafiya da sanda biyu. Raina ya fi kwanciya da Tranx 150 saboda tafin hannuna ƙarami ne. Saura tambaya uku: wane zare zan naɗa, hannun hagu ko na dama, kuma yaya ake wanki? Betkastan da ya lalace a bokiti nake tsoma shi in na dawo, ina ganin gata nake yi masa.

Baban Hanifa, Jidda

Bokitin nan ya taimaka wajen kashe shi. Tsomawa na tura ruwa da gishiri cikin boris, ta kuma wanke giris. Ga yadda nake yi: in matse dirag, wato tauraron da ke bayan hannu, in yayyafa ruwan daɗi da buta a hankali, ban da famfo mai ƙarfi, in goge da tsumma, in bar shi ya sha iska a inuwa, sannan in sassauta tauraron kafin in ajiye. A ranar da na dawo, ba washegari ba. Duk bayan fita uku ko huɗu, ɗigon mai ɗaya a kowane boris na kwarkwaro, ɗaya kuma a sandar da ke kai zare hagu da dama, don ita ce ta fi kwasar yashi. Giris na giya ne kaɗai. In ka sa shi a boris na kwarkwaro jifanka zai gajarce. Man kekenka zai fitar da kai na ɗan lokaci, amma ya cika ruwa-ruwa, ka nemi na ril.

Zare, ka sa mai kitso laba 30, wato mai jure jan nauyin laba 30. Wanda ya fi haka siranta yana nitsewa cikin ɗan'uwansa in kifi ya ja, jifa na gaba sai ya tsaya cak, kifin roba ya tsinke ya tafi. Ka fara naɗa lailon kaɗan a ƙasa don kada mai kitson ya zame a jikin kwarkwaro, kuma kada ka cika shi fal, ka bar ɗan baki. A gaba ka ƙulla fulorokabon, zare mai kama da lailon amma ya fi shi jure gurza, laba 30 ko 40, tsawon gaba guda, saboda kaifin duwatsu. Dirag ka sa shi wajen kilo 3. Ka gwada da jarkar ruwa mai lita uku, in ka ɗaga ta da zaren ya fara saki, ya yi.

Hannu kuma, tunda ka saba juya sifinin da hagu, ka zauna a hagu, ba sai ka riƙa sauya sanda daga hannu zuwa hannu bayan kowane jifa ba. A Shimano lambar da ta ƙare da 1 ita ce ta hagu, don haka mai ƙarewa da 1 za ka nema, in ana samunta a girman da kake so. Sanda ma ka duba, sai mai ƙugiyar yatsa a ƙasa da zobba a sama, tsawon ƙafa 7. In ril ɗin ya iso, ka buɗe murfin gefe a gaban wanda ya kawo kafin ka biya, don jabu sun yi yawa. Ka ɗauki hoton cikin ka turo nan in duba maka.