Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba baƙin da ke fitowa a damisa da jaguwa?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu zauna a kanta. Masana dabbobi suna cewa melanism idan dabba ta fito baƙa ƙirin alhali danginta masu launi ne. Kishiyar wannan mun daɗe da sunanta: zabiya, halin kuma zabiyanci. Ɓangaren baƙin ne babu, shi ya sa mai rubutu da Hausa kan namun daji yake ta kewaye-kewaye, ko ya ɗauko ta Turancin ya dasa yadda take.

Kafin a raɗa suna, bari mu ga abin da za a raɗa wa.

Babu wata dabba daban mai suna black panther. Idan a Afirka ko Asiya aka gan ta, damisa ce. Idan a tsakiya ko kudancin nahiyar Amurka ne, jaguwa ce, 'yar'uwar damisa da ta fi ta kauri da ƙaton kai da ƙarfin muƙamuƙi. Uwa ɗaya tana iya haifar mai dabbare-dabbare da baƙa a ciki ɗaya. Saboda haka sunan dabbar ba ya buƙatar taro: baƙar damisa, baƙar jaguwa, shi ke nan. Mutanen Brazil ma haka suka yi, onça-pintada ga mai zane, onça-preta ga baƙa. Abin da muke nema sunan halin ne.

Kuma zanen bai tafi ko'ina ba. Wanda ya taɓa riƙe baƙar shadda ya san in ka dube ta kai tsaye baƙi kawai za ka gani, in ka karkata ta ga haske sai furannin su bayyana. Haka jikin baƙar jaguwa yake in rana ta doke shi a kaikaice: da'irorin suna nan, har da ɗigon da ke tsakiyarsu, wanda shi ne yake bambanta zanen jaguwa da na damisa. A Malesiya masu bincike sun ɗaure kyamarori a daji masu amfani da hasken da idon mutum ba ya gani, sai ga dabbare-dabbaren baƙaƙen damisoshi ya fito fili, har suka iya tantance wannan daga waccan. An buga aikin a 2015.

To, ga shawarwarin da suka shigo.

Da yawa sun fara da kalmar baƙi, kuma nan wuyar take. A Hausa da zarar ka jingina baƙi da wani suna, sau da yawa ka bar launi ka shiga zargi: baƙin ciki, baƙin hali, baƙar magana, baƙar aniya. Wani ɗan'uwa ya kawo “baƙin jini” saboda abin a jini yake. Ɗan'uwa, hujjarka daidai ce, amma in na rubuta cewa damisar Malesiya tana da baƙin jini, kowa zai ɗauka mutane ne ba sa son ta. “Baƙin gado” ma kunne zai ji shi kamar mugun gado. “Baƙar fata” kuwa tana da masu ita, kuma a nan gashi muke magana a kai.

Wata malama ta ce “lulluɓin baƙi”. Malama, ta yi daɗin ji, kuma na daɗe ina juya ta. Abin da ya hana ni karɓa shi ne lulluɓi abu ne da ake ɗorawa a bisa. A nan ba a ɗora komai ba. Wurin da ya kamata ya fito rawaya ne ya yi duhu, har ya kusa kamo duhun zanen da ke kansa. “Rini” ma matsalarsa ke nan, daga waje yake zuwa.

Sai “rinjayen baƙi”, wadda ta fi samun goyon baya. A nan zan ɗan daɗe, don dalilin ƙin ta shi ne ainihin ilimin abin.

Launin gashi daga sinadarin melanin yake, kuma iri biyu ne: mai duhu, da mai ba da rawaya ko ja. A jikin ƙwayoyin da ke haɗa launin akwai wata mahaɗa da ƙwayar gado (wato gene, abin da ke kai siffa daga iyaye zuwa 'ya'ya) mai suna MC1R take samarwa. In tana aiki, launi mai duhu ake yi. Akwai kuma wata ƙwayar gadon, ASIP, wadda aikinta ta danne waccan don rawaya ya samu fitowa. A 2003 Eduardo Eizirik, masani ɗan Brazil, da abokan aikinsa suka gano cewa a baƙar jaguwa wani ɗan guntu ne mai harufa 15 na rubutun gado ya fita daga MC1R, kuma samun wannan daga mahaifi ɗaya kacal ya isa a fito baƙi. A damisa hanyar daban ce. Binciken 2012 ya nuna ASIP ce ta lalace, kuma sai an gaji lalatacciyar daga uwa da uba duka kafin baƙin ya bayyana.

Ku duba abin da wannan yake haifarwa. Damisa biyu masu zane suna iya haifar baƙa, in kowace tana ɗauke da abin a ɓoye, amma baƙaƙen damisa biyu baƙaƙe kawai za su haifa. A jaguwa an juya: baƙaƙe biyu suna iya haifar mai zane, masu zane biyu kuwa ba sa haifar baƙa. Wato gadon jaguwa mai rinjaye ne, na damisa mai lafewa ne. Muna buƙatar kalmar rinjaye ta zauna a wannan aikin. In muka kashe ta wajen sunan halin, ran da malami zai bayyana wa ɗalibai gadon damisa sai ya ce rinjayen baƙi ba mai rinjaye ba ne, kuma ɗalibin da ya ruɗe ba shi da laifi.

Wasu sun ce mu ara kawai mu ce melanizim, yadda muka ari intanet. Ba na ƙin aro, ga melanin nan na bari yadda yake. Amma ana aro ne in an duba gida babu.

Gida kuwa akwai. Wani dattijo a cikinmu ya tuna mana cewa masu dawaki suna da suna ga kowane launi, kili da danda da hurde da bidi, kuma baƙin doki shi ne akawal. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ita ce. Akawal ba ta ɗauke da zargi ko kaɗan, hasali ma da daraja ake faɗin ta. Tun asali kalma ce ta launin gashin dabba. Kuma tana nufin baƙi a cikin jinsin da ke da wasu launuka, wanda shi ne daidai abin da muke son faɗi. Hankaka, in ban da farin ƙirji da wuyansa, baƙi ne shi da danginsa, ba wanda zai kira shi akawal. Doki ne yake zama akawal, don 'yan'uwansa ba haka suke ba.

Akwai kuma abin da ya ƙara kwantar mini da hankali. Baƙin doki shi ma daga ASIP yake. An gano haka tun 2001: guntu mai harufa 11 ne ya fita, kuma sai an gada daga iyaye biyu. Ƙwayar gadon da ta baƙanta doki ita ce ta baƙanta damisa, ta hanyar gado iri ɗaya. Ashe ba kamance kawai muke yi ba, abu ɗaya muke kira da suna ɗaya.

Don haka shawarata: dabbar akawal, jam'i akawalai, halin kuma akawalanci, a kan ma'aunin zabiyanci.

Na ji ƙorafin cewa yara da yawa ba su san akawal ba. Gaskiya ne. Amma melanizim ma ba su san ta ba, ko wacce muka ɗauka sai an koyar. In dai za a sha wahalar koyarwa, gara a koyar da wadda in yaro ya tambayi kakansa zai samu amsa. Wanda ya ce ta doki ce kaɗai, zabiya ma ta mutum ce tun farko, yau kuma muna cewa zabiyar kada ba wanda ya ɗaga gira.

Mu gwada ta a bakin aiki, da labarai na gaske. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta akawalanci a kusan kashi 11 cikin ɗari na damisoshin duniya, a jaguwa ma wajen ɗaya cikin goma ne. Ya fi yawa a dazuzzuka masu duhu da danshi, ya yi ƙaranci a fili mai ciyawa. A zirin Malesiya kusan duk damisar da kyamara ta kama akawal ce. A Afirka kuwa ganin ta sai an dace, shi ya sa hotunan damisa akawal da Will Burrard-Lucas ya ɗauka a Laikipia ta Kenya a 2019 suka zagaye duniya. Ku karanta jimlolin nan da ƙarfi, ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

Sai mu kiyaye inda ba za a sa ta ba. Ba a taɓa tabbatar da zaki akawal ba, hotunan da ke yawo a Facebook haɗi ne na kwamfuta. Puma, wata babbar kyanwar daji ta nahiyar Amurka, ita ma haka. A gandun Similipal da ke jihar Odisha ta Indiya akwai taiga (tiger, dangin damisa masu layi-layi) masu duhu sosai, amma nasu daban ne: layukan jikinsu ne suka yi faɗi har suka haɗe, rawayan da ya rage a tsakani yana nan da haskensa. Binciken 2021 ya danganta shi da wata ƙwayar gado dabam, Taqpep. Waɗannan kada a ce musu akawalai. Ina ganin “haɗewar zane” ta ishe su, mai wadda ta fi ta kuma ya kawo mu duba.