Dan Allah a ba ni shawara kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) kafin Asabar

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Tun ƙaramar sallah nake tara kuɗi, na sai da babur ɗina, na ɗauki adashen da muke yi a shagon yayana, shi kuma yayan nawa ya ɗauka jari zan ƙara, bai san kwamfutar wasa zan haɗa ba, ranar da ya ji ban san mi zan ce mashi ba. Laftof ɗina da na buɗe wasan ƙwallo na eFootball sai ta yi zafi ta mutu. Yanzu na tsaya tsakanin furosesa biyu, Ryzen 5 5600 da 5600G, an ce mai G ɗin tana da girafik (abin da ke fitar da hoto) a cikinta, ɗayar ba ta da shi, zan iya wasa kafin in samu kuɗin katin girafik. Asabar zan shiga Kano, Beirut Road. Mi zan ɗauka?

Injiniya: Ƙanena ka manta da 5600G. Cache ɗinta (ma'ajiyar sauri da ke cikin furosesa) 16MB ne, na 5600 kuma 32MB, sannan PCIe ɗinta (hanyar da ke haɗa ta da kati) a tsohon 3.0 take tsayawa, ranar da ka sa kati za ka ji haushin kanka. Ka ɗauki 5600, madabod (allon da ake dasa komai a kai) B550, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) DDR4 16GB amma sanda biyu 8 da 8, kati RX 6600. Magana ta ƙare.

Na Daura: Ni dai furosesar Intel i5-12400F nake amfani da ita, lafiya lau. Amma ka yi hattara da katin gwanjo, wani mai shago ya rantse min sabo ne, sati biyu fankarsa ta tsaya, na koma ya ce bai taɓa ganina ba, har yau abin na ci min rai.

Injiniya: 12400F ma ba ta da girafik, kuma sai ya nemi madabod ta daban mai mazaunin LGA1700. Kar ku rikita yaro.

Malamin Firamare: Duk kun bar babbar magana. Ina wutar? Tawa madabod ta ƙone ne daren da aka kawo wuta da ƙarfi, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Ka fara sayen sitabilaiza da fawa saflai (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) mai kyau tukuna.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode Malam, muna da janareta ai. Injiniya, madabod na riga na saya B450 wajen abokina, da kes (akwatin kwamfuta) mai fitilu, saura kuɗin ba za su kai kati ba, shi ya sa nake ganin mai G ɗin ta fi min.

Injiniya: To mi ya hana ka faɗa tun farko? Tsohuwar B450 sai an sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod) kafin ta karɓi 5600 ko 5600G. Kuɗin kati ka zuba a fitilu.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Yallaɓai kes ɗin da araha na samu, kuma abokina ba zai cuce ni ba, tare muka taso.

Na Daura: Nawa ya rage hannunka yanzu?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Bari in lissafa. Amma BIOS ɗin nan, akwai mai yi a nan Katsina ko sai na tafi da ita Kano?